Wurin Bautar Indiyawa a Ikko: Yadda Baƙi Ke Riƙe Kansu a Ƙasar Wasu

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya da aka yi a Iddo)





Batun da aka ɗora mana yau zai ba wasu mamaki, domin kuwa an nemi mu yi bayani ne a kan wurin bautar Indiyawa mabiya addinin Hindu da ke nan Ikko. Wani zai ce, to ina ruwan Bahaushe da wannan? Ruwanmu ne ta fuska biyu. Ta farko, 'yan'uwanmu da yawa suna cin abinci ta hannun mutanen nan. Akwai masu gadi a gidajensu na Ilupeju da Palmgrove, akwai direbobi, akwai masu kai musu tumatir da albasa da kayan miya, akwai leburori a masana'antunsu. Wanda bai san al'adar maigidansa ba kuwa, wata rana zai yi ɓarna da kyakkyawar niyya, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Ta biyu, su baƙi ne a garin nan, mu ma mazauna ne da asalinmu ke nesa. Damuwar da ke hana mu barci, wato ko jikokinmu za su tashi suna sane da ko su wane ne, su ma ita ce damuwarsu. Ya kamata mu ga yadda suka yi da ita, inda suka ci nasara da inda abin ya kuɓuce musu.

Yadda suka zo

Bari mu fara da namu, don a ga kamannin. Tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunar nan da aka sani da Hausawan Glover a Ikko. Da aka buɗe layin dogo daga nan Iddo zuwa Badun a 1901, aka kuma haɗa shi da na Kano a 1912, sai hanya ta buɗe wa fataken goro da na shanu. Zangon Agege goro ne ya raya shi. Iddo kuwa bakin tasha ce, nan hatsi da wake ke sauka.

Indiyawan farko da suka kafu a nan su ma fatauci ne ya kawo su. Yawancinsu 'yan ƙabilar Sindi ne, daga birnin Haidarabad na lardin Sind, wanda Turawan Ingila suka ci da yaƙi a 1843. Tun wajen 1860 fataken wannan birni suka fara bin jiragen ruwa da kayan saƙa da na ado, suna buɗe kantuna a duk tashar da Ingila ke da iko, daga Masar har Saliyo da Kwas ta Zinariya, wato Gana ta yau. Gidan Chellaram ya fara kasuwanci a Nijeriya a 1923, kuma dattawanmu sun san kantunansu da na Chanrai da Bhojsons. A wancan zamani maza ne kawai ke zuwa. Yaro zai yi shekara biyu ko uku yana tsaron kanti, ya koma gida ya huta, ya sake fitowa. Kamar dai yadda namu ke zuwa cin rani, iyali na can gida.

Abin da ya sauya wannan tsari shi ne raba ƙasar Indiya da aka yi a watan Agustan 1947. Lardin Sind gaba ɗayansa ya faɗa cikin Pakistan, kuma mafi yawan 'yan Hindu na lardin suka bar gidajensu suka tsallaka zuwa Bombai da wasu garuruwa. Ku duba wannan da kyau, jama'a. Farken da ke Ikko ya wayi gari garin da ya ke komawa hutu ya zama na wata ƙasa. Daga nan ne fatake da yawa suka fara ɗauko matansu da 'ya'yansu zuwa inda su ke kasuwanci. Zuwan iyali kuwa shi ke mai da zango ya zama gari.

Bayan 'yan Sindi, wasu sun biyo. Indiya ta buɗe ofishin jakadancinta a Ikko a 1958, tun kafin mu sami mulkin kai, kuma Firayim Minista Nehru ya ziyarci ƙasar nan a 1962. Hafsoshin Indiya ne suka taimaka aka kafa makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna a 1964. A shekarun 1970 da 1980 malaman Indiya sun cika makarantun sakandare na Arewa suna koyar da lissafi da kimiyya, kuma da yawa a cikinmu sun zauna a ajinsu. Tsofaffin ma'aikatan reluwe na nan Iddo da Ebute Metta za su tuna lokacin da kamfanin RITES na Indiya ya riƙe harkar jirgin ƙasa daga 1979 zuwa 1982. Dokokin mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun fitar da baƙi daga ƙananan kantuna, sai manyan gidajen Indiyawa suka karkata ga masana'antu, musamman masaƙu irin su Afprint da Aswani a Isolo. A lokacin ziyarar Firayim Minista Modi a Nuwamban 2024, gwamnatin Indiya ta ce mutanenta a Nijeriya sun kai kimanin 60,000, kuma Ikko ce babbar matattararsu.

A nan akwai gyara guda da ya kamata mu yi wa kanmu. Ba kowane Ba'indiye ba ne ɗan Hindu. A ƙidayar 2011, kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen Indiya ne 'yan Hindu, Musulmi kuwa sun haura kashi 14, wato mutum miliyan 172. Akwai Kiristoci, akwai kuma 'yan Sik masu naɗa rawani, waɗanda addininsu daban ne. Saboda haka a daina yi musu kuɗin goro.

Daga kusurwar ɗaki zuwa gini

Sunan wurin bautarsu da harshen Hindi shi ne mandir. Kada a haɗa shi da mandirin da 'yan Ƙadiriyya ke bugawa, kamannin suna ne kawai.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, asalin ibadar ɗan Hindu a gida ta ke. Kusan kowane gida yana da kusurwa ko ƙaramin ɗaki da aka keɓe, da hotuna da fitila da turare, kuma uwargida ce ta fi kula da shi safe da yamma. Farken da ya zo shi kaɗai, 'yar kanta a bayan kanti ta ishe shi. Amma da iyalai suka yi yawa sai buƙatu suka taso waɗanda kusurwar ɗaki ba ta iya ɗauka. Wa zai ɗaura aure? Wa zai raɗa wa jariri suna? Wa zai yi wa mamaci addu'a? Ina yara za su ga bukukuwan da iyayensu ke ba su labari? A ko'ina Indiyawa suka zauna a Afirka, daga Darban ta Afirka ta Kudu inda aka fara sauke leburorin rake a 1860, zuwa Nairobi inda aikin dogo ya kai su, hanyar ɗaya ce. Ana fara taruwa a falon wani attajiri, sai a yi karo-karo, sai a kafa kwamitin amintattu, sai a sayi fili a yi gini, a ɗauko malamin ibada daga Indiya a riƙa biyansa albashi.

A nan Ikko, wanda 'yan'uwanmu suka fi sani shi ne mandir na unguwar Palmgrove, daf da Ilupeju, inda Indiyawa suka fi yawa har wasu ke kiran wurin ƙaramar Indiya. Akwai kuma Geeta Ashram a Lekki. Sunan Gita da ku ke ji ya fito ne daga littafinsu Bhagavad Gita, mai babi 18 da baiti 700, wanda wani yanki ne na dogon labarin Mahabharata. Manyan littattafansu na asali su ne Beda guda huɗu, da tsohon harshen Sanskirit, wanda ba a magana da shi a kasuwa, sai a wurin ibada da karatu.

Abin da ke ciki

Wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya a tsohuwar Pen Cinema ta Agege, ko a Plaza da Marhaba a Kano, ya ga hoton abin. Amma fim ba ya bayani.

A bakin ƙofa kowa ke tuɓe takalmi, babba da yaro, attajiri da bara. Akan wanke hannu, wasu har ƙafa. Akwai ƙararrawa a rataye da mai shiga ke kaɗawa. A can ƙuryar zauren ne a ke ajiye siffofin da aka sassaƙa da farin dutse ko aka ƙera da tagulla, waɗanda mu a Hausa mu ke kira gumaka, su kuma su ke kira murti. A wurinsu, sassaƙa ba ta zama abin bauta sai an yi mata wani biki na musamman ranar da aka girka ta. Daga ranar nan a ke ɗaukarta kamar babban baƙo a gida: a tashe ta da asuba, a yi mata wanka, a sa mata tufafi da furanni, a gabatar mata da abinci, a rufe labule da rana ta huta, da dare kuma a kwantar da ita. Wannan hidima ita ce aikin malamin ibada, wanda su ke kira pujari, ita kanta ibadar kuma puja.

A Indiya sau da yawa kowane mandir na abin bauta guda ne. A ƙasar baƙunci kuwa jama'a ba su da yawan da kowane ɓangare zai gina nasa, don haka akan jera su a zaure ɗaya. Za a ga Ganesh mai kan giwa, wanda da shi a ke fara kowace hidima. Za a ga Lakshmi, wadda 'yan kasuwa ke dangantawa da arziki. Za a ga Rama da matarsa Sita, da Hanuman mai siffar biri, da Kirishna mai sarewa, da Shiba, da Durga a bisa zaki ko damisa. In ka tambayi masu iliminsu, da yawa za su ce maka duk waɗannan fuskoki ne na hakika guda ɗaya da su ke kira Barahman. Wasu kuma su ce Bishnu ne ko Shiba ne babba, sauran na ƙarƙashinsa. Ba su da shugaba guda ko aƙida guda da ta ɗaure kowa. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne imani da cewa aikin mutum yana bin sa, wato karma, da cewa rai yana sake dawowa duniya a wani jiki har ranar da zai kuɓuta.

Babban lokacin taruwa a kullum shi ne arti, safe da magariba. Pujari zai kunna fitila mai lagwani da man shanu ko kafur, ya riƙa kewaya ta a gaban murti, ana kaɗa ƙararrawa, ana busa ƙaton bawon dodon koɗi na teku, jama'a na waƙa da tafi. Sannan a zagaya da fitilar, kowa ya ɗora tafin hannunsa a saman harshen wutar ya shafa a fuska da kai. A sa wa mutum ɗigon jan gari ko na sandal a goshi. Daga ƙarshe a raba abincin da aka gabatar, alewa ko ayaba ko kwakwa, wanda su ke kira parasad.

Ba su da ranar da aka wajabta wa kowa halarta. Masu bin Shiba sun fi zuwa Litinin, masu Hanuman Talata ko Asabar. Amma a ƙasar baƙunci Lahadi ce ta zama ranar cika, domin ita ce ranar da kanti da masana'anta ke rufe. Wasu suna azumi a rana ta 11 ta kowane rabin wata, sai dai azuminsu sau da yawa barin hatsi ne, ana iya shan madara da 'ya'yan itace.

Bukukuwan shekara

Suna ƙirga watanni da tsayuwar wata, amma kusan duk shekara uku sukan ƙara wata guda don lissafi ya daidaita da rana. Shi ya sa bukukuwansu ba sa zagaya damina da rani kamar Sallarmu, kullum suna nan kusa da lokaci guda.

Wajen Fabrairu ko Maris a ke raya daren Shiba. A Maris a ke Holi, bikin da a ke watsa wa juna garin launi. Wajen Agusta ko farkon Satumba a ke bikin haihuwar Kirishna, wanda a ke kai wa tsakar dare. Bayansa bikin Ganesh, inda a ke yin siffarsa da yumɓu, bayan kwanaki a kai ta ruwa a nutsar. Sai Nabaratiri, dare tara na Durga, da raye-raye da 'yan sanduna, musamman wurin 'yan Gujarat. Sai babbansu, Diwali, bikin fitilu, a Oktoba ko Nuwamba. A lokacin a ke share gida, a jera fitilu, a yi zane da garin launi a bakin ƙofa, a yi kyauta, 'yan kasuwa da yawa kuma su buɗe sabon littafin lissafi.

'Yan Sindi suna da nasu na daban, Ceti Cand, a Maris ko Afrilu, sabuwar shekararsu kuma ranar tunawa da Julelal, wanda a ke zanawa dattijo mai farin gemu zaune a bisa kifi. Mutanen da suka rasa ƙasarsu a 1947 sun riƙe wannan biki gam, domin shi ne ya rage musu a matsayin tuta. Suna kuma girmama Guru Nanak na 'yan Sik, har a wuraren bautarsu da yawa akan sami littafin 'yan Sik a ajiye.

Abin da ya wuce ibada

Yanzu mun zo inda mu ke so a buɗe kunne. In an ce mandir wurin bauta ne kawai, an rage masa tsawo. A ƙasar baƙunci shi ne fada, shi ne zaure, shi ne tasha. Saurayin da kamfani ya ɗauko daga Indiya jiya, ranar Lahadi a can zai sami mai jin harshensa, a gaya masa inda zai sami gida da likita. A can iyaye ke ganin 'ya'yan juna har a ƙulla aure. A can a ke raɗin suna da askin farko na yaro. In an yi mutuwa, su ƙona gawa su ke yi, a zuba tokar a ruwa, mai hali ya kai ta kogin Ganga, kuma kwamitin jama'a ne ke tsayawa a kan takardu da addu'o'in kwanakin makoki. Jihar Legas ta yi dokar da ta tsara ƙona gawa ga wanda ya zaɓi haka a 2013.

Akwai kuma tukunya. Kusan duk babban taro da abinci a ke rufe shi, ba nama, kowa ya zauna ya ci. Mai neman albarka don ya buɗe kanti ko an yi masa haihuwa shi ke ɗaukar nauyin girkin ranar. Suna da abin da su ke kira seba, wato hidima don lada, inda za ka ga mai masana'anta yana raba faranti ko yana jera takalman jama'a. Kuɗin gudanarwa daga akwatin sadaka da gudummawar attajirai ya ke fitowa, amintattu ne ke riƙe shi, kuma a rubuce.

Ba su tsaya nan ba. A 1982 aka buɗe makarantar Indian Language School a Ilupeju, mai bin manhajar Indiya, domin yaron da aka haifa a Ikko ya iya komawa can ya ci gaba da karatu ba tare da ya zama baƙo ba.

Har ila yau, kada a ɗauka addinin na Indiyawa ne kaɗai. Ƙungiyar Hare Kirishna, wadda aka kafa a birnin New York na Amurka a 1966, ta shigo Nijeriya, kuma wani baƙar fatar Amurka, Bhakti Tirtha Swami, wanda ya rasu a 2005, ya yi aiki sosai wajen kafa ta a nan. Yawancin mabiyanta a ƙasar nan 'yan Kudu ne, su ne ku ke gani da aski ƙwal da 'yar tukku, da tufafi ruwan goro, suna kiɗa a titi. A Gana ma, a unguwar Odoko ta Ankara, akwai gidan ibadar Hindu da wani ɗan ƙasar, Swami Ghanananda, ya jagoranta tun 1975 har rasuwarsa a 2016.

Inda abin ya kuɓuce musu

Duk da wannan ƙoƙari, akwai abin da ginin bai iya tsarewa ba, shi ne harshen Sindi. Harshe ne mai tsohon adabi, ana rubuta shi da baƙaƙen Larabci kamar ajaminmu, kuma Indiya ta sa shi cikin harsunan tsarin mulkinta a 1967. Amma a wurin ibada Sanskirit da Hindi ne suka fi ƙarfi, a makaranta Turanci, a fim Hindi. Sai aka wayi gari jikokin fatake da yawa, a Ikko da Landan da Hong Kong, suna zuwa biki, suna cin abincin gargajiya, amma ba su iya hira da kakarsu da harshenta, balle su karanta wasiƙar kakansu. Dattawansu da kansu su ke kukan haka.

To jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku saurari yaranmu a Agege da Idi-Araba in suna wasa. Yarabanci ne da buroka. Jin Yarabanci ba laifi ba ne, riba ce ma ga mazaunin ƙasar Yarbawa. Amma yaro nawa ne a cikinsu zai iya rubuta wa kakarsa da ke Bici ko Illela wasiƙa da Hausa? Masallatanmu cike su ke, makarantun allo da na Islamiyya suna aiki, alhamdu lillahi. Sai dai allo Larabci ya ke koyarwa, boko Turanci. Hausa an bar ta ga tsakar gida, tsakar gidan kuma talabijin da waya sun cinye ta. Darasin 'yan Sindi ke nan: wurin ibada yana riƙe addini da zumunci, amma harshe sai an yi masa tanadi na kansa.

Ga masu aiki da su

Kafin mu rufe, ga 'yan abubuwa ga 'yan'uwanmu da ke hulɗa da su kullum.

Saniya abar girmamawa ce a wurinsu. Kada a shiga musu gida ko harabar mandir da naman shanu, ko kilishi ko tsire, kada kuma a ɗora shi a tukunyarsu. Ranar Babbar Sallah in ana so a kyautata wa maigida, dabino ko gyaɗa ko 'ya'yan itace sun fi ƙulla zumunci. Da yawansu ba sa cin kowane irin nama ko ƙwai, wasu ma har albasa da tafarnuwa, musamman a kwanakin azuminsu. Mai kai kayan miya ya tambaya tukuna.

Kada a shiga ɗakin ibadarsu da takalmi, kada a taɓa kayan ciki ko a matsar da su wai don shara. Zanen garin launi na bakin ƙofa a lokacin Diwali ba datti ba ne, kada a share. Ƙarar da za a ji da dare a kwanakin nan wasan tartsatsin wuta ne, mai gadi ya sani tun da wuri don kada ya ɗauka 'yan fashi ne. Bayarwa da karɓa da hannun dama, kamar dai namu.

In aka miƙo maka parasad, ka san abinci ne da aka gabatar wa abin bautarsu. Wanda addininsa bai ba shi damar ci ba, ya yi godiya ya ce a yi masa uzuri, ba tare da yatsina fuska ko zagi ba. Sun saba zama da Musulmi shekaru ɗaruruwa, sun san haka. Haka kuma tun ranar kama aiki a faɗi lokutan salla da na Juma'a a fili, a yi yarjejeniya. In albashi ko haƙƙi ne aka tauye, a kawo wa ƙungiya ta bi kadi a matsayin maganar aiki, kada a mayar da ita rigimar addini.

Muna jin labaran Indiya a rediyo. Mun san an rushe masallacin Babri a Ayodiya ranar 6 ga Disamba 1992, mun san jinin da ya biyo baya, kuma an buɗe mandir a wurin a Janairun 2024. Abin yana da ciwo. Amma maƙwabcinka na Palmgrove ba shi ya ɗauki gatari ba. Mu da muka ga abin da ya faru a Ketu a 1999, da Idi-Araba a Fabrairun 2002, da Mile 12 a 2016, mun fi kowa sanin zafin a kama mutum da laifin ƙabilarsa. Su ma sun sani, domin a 1972 Idi Amin ya ba Indiyawan Yuganda kwana 90 su fice, kamar yadda aka koro 'yan Nijeriya, har da Hausawan zango, daga Gana a 1969. Baƙo ba shi da garkuwar da ta fi zaman lafiya da kyakkyawan suna.

Shawara ga ƙungiya

Muna roƙon shugabanni su duba abu uku. Na ɗaya, filaye da gine-ginen masallatanmu da makarantunmu da maƙabartunmu a sa su a hannun amintattu masu rajista, da takardu cikakku, don kada rasuwar mutum ɗaya ta jefa jama'a kotu. Na biyu, a buɗe asusun baƙo da mamaci, a riƙa karanta lissafinsa a gaban jama'a, domin yaron da ya sauko daga tirela a Mile 12 ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Na uku, kowace Islamiyya a unguwanninmu ta ware ko da awa biyu ranar Asabar ko Lahadi don karatu da rubutun Hausa, boko da ajami, iyayenmu mata kuma su zo su yi wa yara tatsuniya. Wannan ba ya buƙatar miliyoyi, allo ne da alli da malami guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mu nan ba hannu ɗaya ba ne.

 Allah Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu da maƙwabtanmu, Ya albarkaci kasuwanninmu, Ya shirya mana zuriya, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.